Attorneys General ko Attorney Generals: Ina Ake Ɗora Harafin Jam'i?

Nijeriya na da jihohi 36, kowace da babban lauyanta na gwamnati, ga kuma na tarayya a Abuja. Duk ranar da suka zauna taro, ko suka maka juna a Kotun Ƙoli, wanda zai rubuta labarin da Turanci sai ya ɗan dakata. Mutum ɗaya Attorney General ne, to su 37 fa? Hannu kan yi saurin kai harafin s ƙarshe a rubuta attorney generals, domin haka aka koya wa kowa tun firamare: book ya zama books, class teacher ya zama class teachers. Amma a takardar kotu, da kuma jaridar da ta san aikinta, abin da za a gani shi ne attorneys general. Harafin ya bar ƙarshe ya koma jikin kalmar farko, kuma ba kuskuren ɗab'i ba ne.

Dalilin yana kan abu biyu. Na farko, kowane harɗaɗɗen suna a Turanci yana da jigo, wato kalmar da ke ɗauke da ainihin abin da ake nufi, sauran kuwa bayani kawai suke ƙara mata. Alamar jam'i jigon take bi duk inda ya zauna. A mafi yawan kalmomin Turanci jigo a ƙarshe yake: police station nau'in station ne, shi ya sa ake cewa police stations. Yawan hakan ne ya sa mutane suka ɗauka ƙa'idar ita ce a sa s a ƙarshe, alhali ainihin ƙa'idar ita ce a sa s a kan abin da ake ƙirgawa. Na biyu, sifa a Turanci ba ta da jam'i sam. Dogon mutum ɗaya tall man ne, dogaye goma tall men ne, kalmar tall ba ta motsa ba. To a cikin attorney general, attorney ne suna, wakilin da ke tsaya wa wani a harkar shari'a. General sifa ce, tana nufin na gaba ɗaya, wanda wakilcinsa bai tsaya kan magana ɗaya ba. Wakilai ake ƙirgawa, don haka attorney ne zai ɗauki s, general ta zauna yadda take.

Mai jin Hausa ya riga ya san rabin wannan karatun tun daga gida. Jigo a gaba yake a harɗaɗɗun sunayenmu, kuma shi muke jam'antawa: gidan sauro ya koma gidajen sauro, ɗakin kwana ya koma ɗakunan kwana, ɗan sanda ya koma 'yan sanda. Ba wanda zai shiga kasuwa ya nemi gidan sauraye. Inda hanya ta rabu shi ne a kan sifa. Mu sifarmu tana bin suna zuwa jam'i, riga fara ta zama riguna farare. Wanda ya ɗauki wannan ɗabi'a ya kai ta Turanci zai rubuta attorneys generals, s biyu, kuma wannan ne kaɗai daga cikin siffofin uku da babu ƙamus ɗin da zai tsaya masa.

Yadda sifa ta koma bayan suna

Turanci ba haka yake jera kalmominsa ba. Sifa gaba, suna baya, shi ne tsarinsa na asali. Waɗannan 'yan kalmomi masu juyayyen tsari gadon mulki ne. A 1066 Wilyam na Normandi ya tsallako daga arewacin Faransa ya ci Ingila da yaƙi, daga nan fada da kotu da manyan ofisoshi suka koma magana da wani nau'in Faransanci, talakawa kuma suka ci gaba da Turancinsu. A Faransanci yawancin sifofi bayan suna suke zuwa. Saboda haka sunayen muƙamai da kalmomin shari'a da aka ƙirƙira a wancan zamani da tsarin Faransanci suka fito, kuma da Turanci ya dawo kan mulki sai ya karɓe su yadda ya same su, bai juya su ba.

Dawowar kuma ba ta zo da sauri ba. A 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa gabatar da ƙara da Turanci a kotunan Ingila, ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta. Lauyoyi suka ci gaba da rubuta bayanansu da wani gaurayayyen Faransancin kotu har ƙarni na 17, sai a 1733 ne doka ta tabbatar da tilascin yin amfani da Turanci a takardun kotu dindindin. Ɗaruruwan shekarun nan sun isa su kafe kalmomin. Shi ya sa idan aka duba inda suka fi yawa, sai a ga wurare huɗu ne: kotu, fada, coci da bariki.

Daga kotu akwai court martial, kotun soja, da notary public, lauyan da aka ba izinin tabbatar da sahihancin takardu, da fee simple, cikakkiyar mallakar ƙasa. Jam'insu courts martial, notaries public, fees simple. Daga fada akwai heir apparent, magajin da ba wanda za a haifa ya ture shi, kamar yadda Sarki Charles na Birtaniya ya kasance daga 1952 zuwa 2022, da heir presumptive, magajin da haihuwar wani za ta iya turewa, kamar mahaifiyarsa Elizabeth daga 1936 zuwa 1952. Jam'insu heirs apparent da heirs presumptive. Sarauniyar da ke mulki da kanta queen regnant ce, matar sarki queen consort, idan sun yi yawa queens regnant da queens consort. Haka princes regent, da knights errant, da mothers superior na gidajen mata masu hidimar coci, da ministers plenipotentiary a harkar jakadanci. Duk tsari ɗaya ne: mutum ko abu a gaba da s ɗinsa, bayaninsa a baya.

Tarkon kalmar general

Nan ne aka fi faɗuwa, kuma waɗanda suka ɗan san ƙa'idar sun fi faɗawa ciki. Kalmar general aiki biyu take yi a sunayen muƙamai. A wasu sifa ce, a wasu kuma suna ce cikakkiya, wato Janar na soja mai taurari a kafaɗa. Hausa ta ƙara rufe bambancin, domin duka Janar muke cewa: Antoni Janar, Akanta Janar, Odita Janar, Sufeto Janar, Kwanturola Janar, Darakta Janar, a jere da Birgediya Janar, Manjo Janar da Laftanar Janar. A kunne iri ɗaya ne. A nahawun Turanci gida biyu ne daban.

Gidan farko shi ne na muƙaman aiki. Akanta Janar akanta ne, ba Janar ba ne. Babban akanta ne wanda aikinsa ya game gwamnati duka. Saboda haka accountants general, auditors general, solicitors general, directors general, consuls general, postmasters general, surveyors general. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi secretaries general tara daga Trygve Lie zuwa António Guterres da ya kama aiki a 2017, cikinsu har da Kofi Annan na Ghana, 1997 zuwa 2006. A tarihin Nijeriya akwai governors general: Lugard daga 1914 zuwa 1919, sai John Macpherson da James Robertson bayan an dawo da muƙamin a 1954, sannan Nnamdi Azikiwe daga 1960 zuwa 1963. Kaki kada ya ruɗe ka. Sufeto Janar na 'yan sanda yana sa kaki, ana sara masa, amma sufeto ne na gaba ɗaya, don haka tsofaffin da suka riƙe kujerar former inspectors general ne. Haka shugabannin Kwastam da na hukumar shige da fice, comptrollers general. Misalin da ya fi fito da abin fili yana Amurka: babban jami'in lafiyarsu, Surgeon General, yana sa kaki, amma muƙaminsa na kaki vice admiral ne, irin na sojan ruwa. Babu Janar ko ɗaya a jikinsa, jam'in kuwa surgeons general.

Gida na biyu shi ne na matakan soja. Manjo Janar ba Manjo ba ne, Janar ne. Idan ka tara su a ɗaki ɗaya, janarori ka tara. Saboda haka major generals, lieutenant generals, brigadier generals, s a ƙarshe. Wanda ya rubuta majors general don ya nuna ya san nahawu ya wuce gona da iri, kuma kuskurensa ya fi na mai cewa attorney generals fitowa, domin kowane soja da ya karanta zai gane.

Abin sha'awa shi ne asalin gidajen biyu ɗaya ne. Da can shugaban runduna captain general ake ce masa, kyaftin na gaba ɗaya, general tana sifa. Mataimakinsa lieutenant general, na uku kuma sergeant major general. A ƙarni na 17 aka yar da sergeant daga sunan na ukun ya zama major general, kuma wannan ne ya sa har yau Laftanar Janar yake gaba da Manjo Janar, duk da cewa Manjo yana gaba da Laftanar nesa ba kusa ba. A hankali mutane suka riƙa kiran waɗannan manyan hafsoshi general kawai, har kalmar ta tsaya da ƙafarta ta zama suna. Da ta zama suna sai ta karɓe jigo, s ta bi ta. Mulkin hafsoshin da Oliver Cromwell, mai riƙe da ragamar ƙasar a lokacin, ya raba wa Ingila tsakanin 1655 da 1657, masana tarihi Rule of the Major-Generals suke kiransa. A ofisoshin farar hula wannan sauyi bai kammala ba, shi ya sa suka tsaya kan tsohon tsari.

Akwai 'yan muƙamai a cikin barikin kansa da suke gidan farko. Adjutant general da quartermaster general sunayen aiki ne, ba matakin girma ba. Mai riƙe da kujerar yana iya kasancewa Janar a matakinsa, amma sunan kujerar cewa yake babban adjutant, babban mai kula da kayan runduna. Jam'in da aka fi yarda da shi adjutants general da quartermasters general.

Idan aka ƙara kalma a gaba, jigo ba ya canjawa. Mataimakan Sufeto Janar deputy inspectors general ne da assistant inspectors general. Ana yawan ganin deputies inspector general, wanda ba daidai ba ne, domin deputy a nan bayani take yi wa inspector. A Majalisar Ɗinkin Duniya ma under-secretaries-general ake rubutawa. Idan kuma sifar ta koma mazauninta na Turanci, wato gaba, magana ta ƙare: general secretary irin na ƙungiyar ƙwadago jam'insa general secretaries, general manager kuma general managers. Secretary general da general secretary kalmomi iri ɗaya ne aka juya, kuma a duka biyun secretary ce ke ɗaukar jam'i. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba wuri s take bi ba, kalma take bi.

Gwajin da ke raba gardama

Idan aka ci karo da sabon suna irin wannan, tambaya uku suna isa. A fara cire kalma ɗaya a tambaya: wannan mutumin, wanne ne daga cikin biyun? Notary public, notary ne ko public ne? Notary ne. Major general, major ne ko general? General ne. Wadda ta amsa tambayar ita ce jigo. Sai a gwada juya kalmomin zuwa tsarin Turanci na yau da kullum. Idan ma'anar ta tsaya, ta bayan sifa ce: notary public ya juya public notary, heir apparent ya juya apparent heir, court martial ya juya martial court. Lieutenant colonel kuwa ba ya juyuwa haka, domin colonel suna ne, shi ya sa lieutenant colonels. Na uku, a gwada sa adadi a gaban kowace kalma ita kaɗai. Three heirs magana ce, three apparents ba magana ba ce. Idan duka kalmomin biyu suka karɓi adadi, to wannan gwajin bai raba gardama ba, idan na farko da na biyu ma ba su raba ba sai a buɗe ƙamus.

Yankin saɓanin yana da faɗi fiye da yadda malaman jarrabawa kan nuna. Ƙamus ɗin Merriam-Webster na Amurka ya kawo attorneys general, ya kuma kawo attorney generals a matsayin siffa ta biyu. Haka ya yi wa court-martial: courts-martial a gaba, court-martials a baya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai magana da Turanci a yau ba ya jin martial a matsayin sifa mai zaman kanta a nan, kalmar duka yake ji dunƙule ɗaya, dunƙulalliyar kalma kuwa a ƙarshe take karɓar s. A Kotun Ƙolin Amurka alƙalai kan kira Solicitor General, lauyan da ke wakiltar gwamnatin tarayya a gabansu, da General kawai, kamar dai yadda aka yi wa hafsoshi shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Sauyin da ya haifar da major generals bai tsaya ba, tafiya yake yi a hankali.

Duk da haka, mai rubutu na hukuma ba shi da dalilin yin shakka. Ƙungiyar manyan lauyoyin jihohin Amurka, wadda aka kafa a 1907, sunanta National Association of Attorneys General. Kundin shari'ar sojansu Manual for Courts-Martial ne. Dokar Nijeriya da ta tsara aikin masu tabbatar da takardu Notaries Public Act ce. Masu muƙaman da kansu sun zaɓi tsohon tsari, don haka a takardar kotu, wasiƙar ofis, rahoton jarida da ɗakin jarrabawa shi ya kamata a bi. Wanda ya ce attorney generals a hira bai yi abin kunya ba, kuma bai dace a mai da shi abin dariya ba. Amma wanda ya rubuta haka a takardar da za a shigar kotu ya ba abokin hamayya abin nunawa a banza.

Biyu daga cikin masu saɓanin sun cancanci a tsaya kansu. Sergeant major, wanda Hausa ta mayar Samanja, asalinsa babban saje ne, major sifa ce mai nufin mafi girma. Rundunar sojan Amurka sergeants major take rubutawa, a Birtaniya kuma sergeant majors ya zama ruwan dare. Duka biyun karɓaɓɓu ne, abin da ba a so shi ne a gauraya su a takarda ɗaya. Sai poet laureate, mawaƙin da fada ta naɗa, muƙamin da John Dryden ya fara riƙewa a hukumance a Ingila a 1668. Jam'insa na asali poets laureate, ana kuma samun poet laureates. Amma waɗanda suka ci kyautar Nobel, irin su Wole Soyinka a 1986, Nobel laureates ne, babu wata siffa ta biyu. A nan laureate ta zama suna, Nobel kuma bayani.

A ofishin kuɗi da fagen siyasa

Ba duka irin waɗannan kalmomi ne tsofaffin kayan fada ba. Duk akanta yana aiki da accounts payable, kuɗin da ake bin kamfani, da accounts receivable, kuɗin da kamfani ke bin wasu. Account ne suna, payable sifa. Kuskuren da ya cika takardun neman aiki shi ne account payables. Abin da ke jawo shi kuwa shi ne payables da receivables suna iya tsayawa su kaɗai a matsayin suna, har a ce trade receivables, kuma wannan daidai ne. Da zarar account ya shigo gaba, shi ne jigo, s tasa ce.

Bayan kowane zaɓe kuma sai kalmar elect ta cika jaridu. Zaɓaɓɓen gwamnan da ba a rantsar ba governor-elect ne. Ranar da hukumar zaɓe ke miƙa musu takardar shaidar cin zaɓe, governors-elect ne suka zo, tare da senators-elect da members-elect. Governor-elects kuskure ne kai tsaye, nan babu saɓanin ƙamus da za a fake da shi. Waɗanda aka tantance aka kuma ba muƙami amma ba su kama aiki ba ministers-designate ne ko ambassadors-designate.

Dangin waɗannan na kusa su ne sunayen da wani ɗan yanki ke bin jigonsu maimakon sifa guda. Ƙa'idar ba ta canja ba: commanders-in-chief, editors-in-chief, chiefs of staff, heads of state, sergeants-at-arms, mothers-in-law, Senior Advocates of Nigeria. Haka passers-by da runners-up, inda ta farkon suna ce ta mai aikata abu. Idan babu suna ko ɗaya a cikin harɗin, s ba ta da wanda za ta bi, sai ta tafi ƙarshe: grown-ups, check-ups, go-betweens. Ma'aunai masu ƙarewa da ful su ma a ƙarshe suke ɗauka, spoonfuls da handfuls. Three spoonfuls cokali ɗaya ne aka cika sau uku, three spoons full kuwa cokula uku ne kowanne a cike. A takardar magani wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Masu s biyu

An ce sifar Turanci ba ta jam'i, amma akwai 'yan kalmomin da suka tsira da tsohuwar ɗabi'ar Faransanci, inda suna da sifa ke tafiya jam'i tare. Takardar da sarki ke bayarwa a buɗe don ba da muƙami ko izini letters patent ce a yau, kullum a jam'i ko da takarda ɗaya ce, amma a tsofaffin rubuce-rubuce letters patents ake gani. Wata ƙungiyar mayaƙan Kirista na zamanin yaƙe-yaƙen Ƙudus ana rubuta su Knights Templar, ana kuma rubuta Knights Templars. Alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ɗayansu Lord Justice ne, jam'insu Lords Justices, domin kalmomin biyu duka sunaye ne, kowanne yana nufin mutumin. Lord Mayor kuwa Lord Mayors ne. Waɗannan haddace su ake yi, gwaji ba ya fitar da su.

Kalmomin da aka aro ɗungurungum daga Faransanci ba tare da an mai da su Turanci ba suna riƙe nahawun gidansu. Agent provocateur ya zama agents provocateurs, fait accompli ya zama faits accomplis, s a duka biyun. Inda ɗan yanki ne ke biye, ta farko kaɗai ke ɗauka: coups d'état, aides-de-camp, chargés d'affaires. A furuci ba a jin s ɗin coups, a rubutu ne kawai take bayyana. Daga Latin kuma akwai professor emeritus, farfesan da ya yi ritaya aka bar masa sunan girmamawa, jam'insa professors emeriti. Wanda bai son shiga wannan rigima yana iya juyawa ya ce emeritus professors, kamar yadda jami'o'in Birtaniya suka saba.

Wannan wuri ne da 'yan'uwa na Nijar da Kamaru da Chadi, waɗanda suka yi boko da Faransanci, ya kamata su lura. A Faransanci secrétaire général jam'insa secrétaires généraux, procureur général kuma procureurs généraux. Kalmomin biyu duka suna sauyawa. Jerin kalmomin ya yi kama da na Turancin ƙwarai, har hannu kan so ya kwaikwayi jam'in ma. Jerin kawai Turanci ya aro a waɗannan muƙamai, ya bar sauyin sifar: secretaries general.

Mallaka, gajartawa da karan ɗori

Ga inda ko gwanaye kan yi tuntuɓe. Jam'i jigo yake bi, amma alamar mallaka, wato waƙafin sama da s, ƙarshen harɗin duka take zuwa. Ofishin babban lauya ɗaya the attorney general's office ne, ba the attorney's general office ba, domin wannan na biyun ma'anarsa ta koma babban ofishin wani lauya. Gidan suruka ɗaya my mother-in-law's house. Saboda haka mothers-in-law surukai ne da yawa, mother-in-law's kuma abin suruka ɗaya ne. A furuci suna da kusanci, a ma'ana sun yi hannun riga. Idan jam'i da mallaka suka haɗu, kowanne yana zama a wurinsa: the attorneys general's letter, s ta jam'i a kan attorneys, alamar mallaka a kan general. Daidai ne a nahawu, sai dai yana da nauyi a baki da ido. Gogaggen marubuci kan kauce ya ce the letter from the attorneys general, ko a meeting of governors-elect.

Idan an gajarta sunan zuwa haruffa, tsarin cikin ya ɓace, gajartaccen ya zama kalma ɗaya, s ƙarama ta zo ƙarshe ba tare da waƙafin sama ba: AGs, DGs, DIGs, AIGs, SANs. Ba a rubuta AsG. Kuma DG's mallaka ce, ba jam'i ba.

Idan sunan yana bayani ne a gaban wani suna, a tilo yake zama, jam'in ya koma kan na ƙarshe: court-martial proceedings, attorney general nominees. Court-martial kuma tana zama aikatau, gurfanar da soja gaban kotun soja, a nan duk ƙarin a ƙarshe yake: an gurfanar da shi he was court-martialled a rubutun Birtaniya da Nijeriya mai l biyu, court-martialed a na Amurka mai l ɗaya. Ba a taɓa cewa courted-martial. Aikatau ɗin jimla shi ma jigo yake kallo, ba kalmar da ke maƙwabtaka da shi ba. Ana cewa the attorneys general have signed, da have, ko da yake general da ke dab da ita ba ta da s. Amma one of the attorneys general has signed, da has, domin mutum ɗaya ake magana a kai.

Karan ɗori ba ya taɓa jam'i ko kaɗan, al'adar gida ce kawai. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 Attorney-General yake rubutawa da karan ɗori, a sashe na 150 don na tarayya da sashe na 195 don na jihohi, haka ma Auditor-General da Inspector-General. Amurka ba ta sa shi. Majalisar Ɗinkin Duniya tana rubuta Secretary-General da shi, ƙungiyar tsaro ta NATO kuma Secretary General babu shi. Mai rubutu ya bi yadda hukumar da yake magana a kanta take rubuta sunan muƙaminta, ya tsaya a kan haka daga farkon takarda zuwa ƙarshe. Idan takardar ta shafi Nijeriya, Attorneys-General ne da karan ɗori da manyan haruffa a inda ake nufin masu muƙamin. Idan ta shafi jihohin Amurka, attorneys general ne, kalma biyu a rabe.